Tambayoyin Masu Karatu: Atamfar Ranar Iyaye Mata Ta Isa Girmamawa?

TAMBAYA: Ina gaishe ki, Mama, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni ne ɗan fari cikin 'ya'ya biyar. Mahaifinmu ya rasu ina aji biyu na sakandare, kuma da kuɗin ƙosai mahaifiyarmu ta rene mu a ɗakin haya a unguwar Brigade. Har yau, ga ta da shekara sittin da ɗoriya, takan tashi da asuba ta surfa wake, ta kai markaɗe, ta zauna gaban kasko har hantsi. Duk shekara idan ranar iyaye mata ta zo a ikkilisiyarmu, mukan haɗa kuɗi mu saya mata atamfa a Kantin Kwari, ta karɓa ta sa mana albarka, ta adana a akwati. Na ƙirga turmi shida da ba a ɗinka ba, kuma ko a ranar ita ce take dafa abincin da muke ci. Ga kunyar ɗan fari a tsakaninmu: ba ta kiran sunana, ni ma ban taɓa buɗe baki na gode mata ba. Shin na cika dokar girmama iyaye kuwa? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka lura da akwatin nan, domin da yawa daga cikinmu da zarar sun miƙa kyauta an ɗauki hoto, sai su ɗauka sun sauke nauyi har baɗi. Amsata a taƙaice ita ce, atamfa ba laifi ba ce, amma ba ta isa ba.

Ita ranar ba Littafi Mai Tsarki ne ya kafa ta ba. 'Yan Angilika suna yin tasu a Lahadi ta huɗu cikin azumin da ke gaban Ista, al'adar da ta zo daga Ingila. Ta watan Mayu kuwa daga Amurka ta fito, inda wata mata mai suna Anna Jarvis ta shirya sujadar tunawa da mahaifiyarta a 1908, gwamnatin ƙasar kuma ta amince da ranar a 1914. Daga baya ita kanta Jarvis ta koma yaƙi da bikin, saboda ganin yadda masu sayar da kati da furanni suka mai da shi kasuwa. Dokar da kake tambaya a kai ta girmi wannan duka, tana cikin Dokoki Goma, a Fitowa 20:12, kuma Manzo Bulus ya kira ta doka ta farko mai alkawari a Afisawa 6:2. Ba a yanka mata rana ɗaya a shekara ba.

Bari in daɗe kaɗan a kan Karin Magana 31, tunda ita ce ake karantawa a yawancin majami'unmu a wannan rana. Daga aya 10 zuwa 31 ana ba da labarin mace mai tashi tun da sauran duhu ta ciyar da gidanta, mai saƙa ta sayar wa fatake, mai sayen gona da ribar hannunta, wadda fitilarta ba ta mutuwa da dare, kuma duk da haka hannunta a buɗe yake ga matalauci. Idan ka cire saƙa ka sa kaskon ƙosai, ai mahaifiyarka ce aka kwatanta. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu wa'azi suke mai da wannan sura bulalar dukan mata, su jero ayyukan su ce kowace ta auna kanta, alhali kuwa umarnin da ke ƙarshenta ba ga matar aka yi shi ba. 'Ya'yanta ne suke tashi su sa mata albarka, mijinta ya yabe ta, aya ta ƙarshe kuma ta ce a ba ta daga amfanin hannuwanta. Ita ta riga ta yi nata, saura naku.

Na sha gani da idona a bukukuwan ikkilisiya, ana can ciki ana waƙar yabon iyaye mata, su kuwa matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikkilisiya, suna bayan gini sun duƙa a kan manyan tukwane, hayaƙi yana sa su hawaye, ɗaya tana juya shinkafa, wata tana wanke kwanoni da ɗa a goye. Kafin su shigo an gama rabon kyaututtuka.

Ubangiji Yesu bai ɗauki wannan doka da wasa ba. A Markus sura 7 ya tsawata wa Farisiyawa saboda sun koyar cewa mutum yana iya ce wa iyayensa abin da zai taimake su da shi ya zama korban, wato keɓaɓɓe ga Allah, shi ke nan ya kuɓuta daga hidimarsu. Ya ce da haka sun soke maganar Allah da al'adarsu. Ina faɗa wa matasanmu wannan a fili: wanda ya yi alkawarin kuɗi mai tsoka a taron gidauniyar gini don a tafa masa, alhali ana bin uwarsa bashin mai a shago, ya sake karanta surar. Shi kansa Ubangiji, yana kan gicciye cikin azaba, sai da ya danƙa Maryamu a hannun almajirin da yake ƙauna, wanda tun daga sa'ar nan ya kai ta gidansa, kamar yadda Yahaya 19:26-27 ya nuna. Masauki da mai kula ya tanadar mata.

To, me za ka yi? Kada ka je ka kife mata kasko ka ce ta huta, domin sana'ar nan ita ce rufin asirinta, da ita take zubin adashe, da ita take gaisawa da mutanen unguwa, kuma tsohuwar da aka zaunar ba aikin fari ba na baƙi takan yi saurin lalacewa. Ka dubi ranarta daga asuba zuwa dare, ka zare mata abin da ya fi cin jiki. Ka yi jinga da mai ruwa ya riƙa kawo kura kana biya a wata, ka ɗauki kuɗin markaɗe, in da hali ku canza mata itace da gas saboda idanu da ƙirji, ku kai ta a auna hawan jini ko da ba ta yi kukan ciwo ba. Ku biyar ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka ku raba kowa ya san nasa. Turamen nan kuma ka sa ƙanwarka ta tambaye ta a hankali. Wataƙila kuɗin tela take jin nauyin roƙa, wataƙila kuma tana tara su ne don auren ƙannenka mata. In na farko ne, a kira tela ya auna ta. Ranar bikin kuwa ku shiga madafa da kanku, ko da tuwon zai yi gudaji.

Saura batun kunya. Kunya tarbiyya ce, ba zan ce ka yar da ita ba, kuma uwar da ba ta kiran sunan ɗan fari ba ƙinsa take yi ba. Amma kada kunyar ta sa ta tsufa ba ta taɓa jin cewa ka san abin da ta yi ba. Akwai ƙofar da al'ada ba ta rufe ba, wato addu'ar iyali. Idan kun taru da dare, ka karɓi addu'a, ka gode wa Allah da murya a kan kuɗin jarrabawar da ta biya, da tabon mai da ke bayan hannunta, da dararen da ta kwana a zaune a kan ɗan da ke zazzaɓi. Da Allah kake magana, ba da ita ba, idanunku kuma a rufe suke. Ka rubuto mini bayan wata guda, ina so in ji ko an ɗinka turamen.