Farfaɗiya ce ke zubar wa ɗana hadda?

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 13 yana da farfaɗiya, shekara biyu ke nan yana shan fenobabiton. Duk ranar da ta buge shi, haddar da ya yi jiya sai ta zube, kuma malaminsu ya ce yana gyangyaɗi a aji. Ciwon ne ke cin ƙwaƙwalwarsa?
*Wata uwa, Zariya*

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Ciwon na da hannu, maganin ma haka.

Ƙwaƙwalwa na da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma saƙo na tsallakawa daga wannan zuwa waccan ta wani ɗan giɓi da ake kira mahaɗa. Sinadarin gulutamet ke zuga ƙwayoyin, wani sinadarin mai suna GABA ke taka musu birki. Maimaita aya na ƙarfafa wasu mahaɗai zaɓaɓɓu, musamman a hifokamfus, wani sashe can ciki daura da kunne, amma a hankali karatun ke kafuwa, musamman lokacin barci. Lokacin bugu ƙwayoyin na tashi gaba ɗaya, gulutamet ya yi ambaliya. Kamar allo ne da aka watsa wa ruwa tawada ba ta bushe ba. Shi ya sa tsofaffin surori ke nan daram, ta jiya ce ke tafiya.

Bugu na minti ɗaya ko biyu bai cika kashe ƙwayoyin ba. Abin tsoro shi ne wanda ya wuce minti 5, ko ya maimaitu yaro bai farfaɗo ba. Idan ya daɗe, kalsiyam na kwarara cikin ƙwayoyin har su mutu, hifokamfus ya yi tabo. A kwantar da shi a kan gefen jikinsa, kada a cusa masa cokali a baki, a garzaya asibiti.

Gyangyaɗin kuwa, fenobabiton muka fi zargi. An san shi da sa barci da nauyin tunani. Amma kada ki tsayar da shi da kanki, yankewa farat ɗaya na jawo bugu mai tsanani. Ki tambayi likitansa ko za a mai da shansa dare, ko a sauya a hankali zuwa wani kamar lebetirasetam. Ki nemi gwajin EEG ma, wanda ke auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, domin akwai ƙaramin bugu, yaro ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi, a ɗauka shagala ce.

Ya riƙa samun barcin awa 8 zuwa 10, rashinsa na tayar da ciwon. Ranar da ta buge shi da washegari, a roƙi malam ya bar shi a tilawa, ƙari sai ya warware.