Leaf ko Kona: Amsar Maigida a Gareji

Ka tambaye ni wacce za mu ce wa Alhajin nan mai shan inna ya saya cikin motocin lantarki, Nissan Leaf ko Hyundai Kona, ko kuwa Teslar da ɗansa yake kwaɗaita masa. Ajiye sifanan nan, yaro, ka zauna.

Ka ga yadda ya sauko daga mota jiya? Ƙafar dama ce ta shanye, ta hagu kuma da ƙyar take ɗaukarsa. Da a ce hagu ce kaɗai, ai da magana ta ƙare, don motar lantarki ba kuloci, ba canjin giya. Amma shi sai mun ɗaura masa sandar hannu, ya ja ta ba da wuta, ya tura ta kama birki, sannan mu sa masa mariƙi a sitiyari. To, hannu biyu sun kamu ke nan. Shi ya sa ban yi masa sha'awar Teslar nan, Model 3, ba. Komai nata a allo yake, har daidaita madubi. Da wane hannun zai laluba allo a cunkoson Kantin Kwari? Ga kujerarta a ƙasa. Zama ba wuya, tashin ne aiki.

Leaf ta 2018 tana da abin da suke kira e-Pedal: da zarar ka saki totur, mota za ta rage gudu har ta tsaya da kanta. Wannan hutu ne ga kafaɗar mai sandar hannu. Sai dai ka leƙa ƙasa kafin ka yaba, domin wasu Leaf ɗin hambirkinsu da ƙafar hagu ake taka shi. In ka ga haka, ba tasa ba ce. Kuma batirinta ba shi da ruwan sanyaya shi, alhali ka san Kano a watan Afrilu, zafi yana haura 40. Kafin a biya kuɗin 'yar Kwatano, sai mun sa na'ura mun ga ƙarfin da ya rage wa batirin.

Ni dai zuciyata ta fi kwanciya da Kona. Batirin 64 kWh (awon yawan wutar da yake ɗauka ke nan), ruwa ke sanyaya shi, hambirki maɓalli ne, kujera ta ɗan ɗaga, bakin caji yana gaba, ba sai ya zagaya mota da sanduna yana jan waya mai nauyi ba. Aibinta but ɗin ƙarami ne. Ranar da zai koma keken guragu, sai an kwantar da kujerar baya.

Yanzu ga abin da ya shafe ka kai. In mun zo ɗaura sandar, kada ka kuskura ka huda daɓen motar. Batir yana shimfiɗe a ƙarƙashinsa, wutarsa ta kusan bolt 400. Duk wayar da ka gani mai ruwan lemo, ko da wasa kada hannunka ya kai. A jikin ƙarafan da ke ƙarƙashin sitiyari za mu ɗaure, kuma ni zan tsaya a kanka.

Gobe ka ɗauki tef ka je gidansa. Auno min tsayin daga ƙasa zuwa bayan gwiwarsa in yana zaune, da faɗin inda yake ajiye mota, ko ƙofa za ta buɗu gaba ɗaya. Ka tambaye shi awa nawa suke samun wuta, kuma ko yana da sola, don a soket ɗin gida Kona sai ta kwana ta wuni ba ta cika ba.