Yaya aka yi kamfanonin kwamfuta suka taru a Silicon Valley?

Tambaya: Malam, ina yawan jin cewa Apple da Google da Intel duk a yanki ɗaya suke a Amurka. Me ya tara su a can, ga manyan birane irin su New York?

Amsa: Yankin da kake nufi shi ne kwarin Santa Clara, kudu da San Francisco a jihar Kalifoniya. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, gonakin 'ya'yan itatuwa ne suka cika shi.

Wanda ya fara share fagen shi ne Frederick Terman, malamin injiniyanci a Jami'ar Stanford. Abin yana damunsa yadda ɗalibansa ke tafiya gabashin ƙasar neman aiki da zarar sun kammala. Shi ya ƙarfafa wa biyu daga cikinsu gwiwa, William Hewlett da David Packard, suka kafa HP a wani gareji a Palo Alto a 1939 da jarin dala 538. A 1951 kuma jami'ar ta fara ba kamfanoni hayar filinta.

Amma a ganina, asalin labarin yana cikin wata rigima ce. A 1956 William Shockley, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro tiransista, 'yar ƙaramar na'urar da ke kunna ko kashe gudun lantarki a cikin kwamfuta, ya buɗe kamfani a Mountain View, kusa da inda mahaifiyarsa take zaune. Ya tara haziƙan matasa, sai dai zama da shi sai mai haƙuri, ga zargi ga takura. Shekara guda kacal, takwas daga cikinsu suka tattara nasu ya nasu, suka kafa Fairchild Semiconductor a 1957. A can Robert Noyce ya gano yadda za a haɗa tiransista da yawa a kan ɗan ƙaramin falle na silikon, sinadarin da ake tacewa daga yashi. Daga silikon ɗin yankin ya samo sunansa na Silicon Valley, wanda ɗan jarida Don Hoefler ya yaɗa a 1971.

Daga nan ficewa ta zama al'ada. Noyce da Gordon Moore sun bar Fairchild sun kafa Intel a 1968, kuma a 1971 Intel ta fitar da 4004, ƙwaƙwalwar kwamfuta mai tiransista 2,300 wadda ba ta kai girman farce ba. Eugene Kleiner, shi ma cikin takwas ɗin, ya koma zuba jari a sababbin kamfanoni a 1972. Abin da ya ba su wannan dama ta ficewa shi ne dokar Kalifoniya, wadda tun 1872 ba ta yarda da yarjejeniyar da ke hana ma'aikaci komawa wurin abokin gasar ubangidansa. A yankin Boston, inda su ma suke da manyan kamfanonin kwamfuta, a lokacin kotu na iya tilasta wa ma'aikaci bin irin wannan takarda.

Kar kuma a manta da kuɗin gwamnati, don masu ba da labarin gareji sukan tsallake shi. A farkon shekarun 1960 waɗannan fallayen silikon tsada gare su, ba mai iya saye sai rundunar soja da hukumar binciken sararin samaniya ta NASA, don makamai masu linzami da kumbon Apollo. Wannan ciniki ne ya riƙe kamfanonin har farashi ya sauko.

Sa'ad da Apple ta zo a 1976, Google kuma a 1998, sun tarar da injiniyoyi da masu jari da lauyoyi duk suna nan a shirye, tsakaninsu tafiyar 'yan mintuna a mota.