Amsa: Daga Kano zuwa Agadas a kan keke

Malam, ka tambaya ko keke zai kai ka Agadas daga Kano. Zai kai ka, amma tafiyar kashi biyu ce. Daga nan ta Kazaure da Daura, ka tsallaka iyaka a Kwangwalam, ka bi Matamaye har Damagaram, wajen kilomita 240 ne, ga garuruwa da masu faci a hanya. Wannan ba abin damuwa ba ne.

Bayan Tanut, garin da ke arewa da Damagaram a hanyar Agadas, nan ne aikin yake. Ƙauyuka sun yi nisa da juna, rairayi kan rufe kwalta, dole ka sauka ka tura. Ruwa shi ne babban kayanka: ɗaura jarka biyu a kariyar keken, ka cika duk inda ka ga rijiya, ko ba ka jin ƙishi. Ƙaya kuwa ba ta raga wa taya, sai ka riƙe tub na ajiya, gam da famfo.

Ka tashi tsakanin Nuwamba da Janairu, ka taka da asuba, ka huta da rana. Hunturu dai iskarsa daga gaba za ta riƙa dukanka. Canza kuɗinka zuwa sefa tun a Wapa, kasuwar canji ta Kano, riƙe fasfo. Maganar tsaro kuma, ka tambayi direbobin tashar Damagaram kafin ka wuce, kada ka yi tafiyar dare.