Ku Tambayi Anti: Layyar gidan Kaka ta haɗa mu da maƙwabta

Tambaya: Salam Anti, dan Allah ki bani shawara. Mu a danginmu duk Babbar Sallah gidan kakanmu ake haɗuwa, 'ya'ya da jikoki kowa ya kawo ragonsa a yanka a ƙofar gida, tun ina ƙarama haka na taso na gani. To shekara biyu kenan maƙwabta suna ƙorafi, wai jini da kashin tumbi da muke turawa kwata yana damunsu da wari, ga motocinmu suna tare layi. Bara har saida akayi cacar baki da wani maƙwabci, shi kuma Kaka yace shekara arba'in yana yanka a wurin ba wanda ya taɓa ce masa kanzil. Ni dai kunya ta isheni, ya zanyi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Kaka bai yi ƙarya ba, amma maƙwabtan ma suna da gaskiya. Ki tambayeshi raguna nawa ake yankawa a gidan shekara arba'in baya, zai ce miki ɗaya ko biyu, yanzu kuwa kowane ɗa ya girma ya zama mai gida, ƙila goma ake kayarwa, kuma kwatar nan dai ita ce, ba ta ƙara faɗi ba sai ma leda da robar ruwa da suka cike ta, filin da yake gefe kuma an gine.

Sannan akwai abinda mutane basa lura dashi, wato Sallah bata tsayawa a yanayi ɗaya. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta boko kuma 365, shi yasa duk shekara Sallah take matsowa da wajen kwana 11, sai ta yi kusan shekara 33 kafin ta zagayo inda ta baro. A 2007 cikin Disamba akayi Babbar Sallah, ga sanyi ga iska, komai nan da nan yake bushewa. A 2018 cikin Agusta ta faɗo, lokacin da ruwa ɗaya mai ƙarfi zai iya wanke kwata tas. Amma 2024 da 2025 a Yuni akayi, zafi bai gama tafiya ba ruwan kuma bai kankama ba, sai yayyafi ya jiƙa dattin ya barshi nan yana ruɓewa a ƙarƙashin tagar mutane. Kinga shekara biyun da kike faɗa kenan. Kuma gaba zafin ƙaruwa zaiyi tunda Mayu da Afrilu ta nufa. Ƙuda da sauro in suka samu irin wannan wurin sati ɗaya zuwa kwana goma ya ishesu su ƙyanƙyashe su tashi, lokacin ku kun watse kowa ya koma gidansa, maƙwabta aka bari dasu.

Ni shawarata kar ki tunkari Kaka da kanki, balle a gaban jama'a, tsoho in yaji kamar jika ce take masa gyara to shikenan an rufe maganar. Ki samu babban baffanku ko gwaggon da yake jin maganarta, kuma kar a ce masa a daina haɗuwa, wannan ba zai yiwu ba, nima bazan so a daina ba wallahi, yaran birni yanzu in ba irin wannan ranar ba yaushe suke ganin 'yan uwansu. A ce masa rami kawai za a haƙa a cikin gida tun ana gobe Sallah, mai ɗan zurfi, a yanka a bakinsa, a zuba kashin tumbi a ciki, a watsa toka a rufe da ƙasa a danne sosai saboda karnuka. In tsakar gidan duk siminti ne a tara a buhu mai leda a ciki a ɗaure a kai bola a ranar, kar ya kwana. Tunda kuma ba dole bane a yanka duka ranar farko, ana layya har kwana biyu bayanta, ku raba ragunan.

Maganar motoci mai sauƙi ce, samari biyu su tsaya su jera su gefe ɗaya a bar hanyar da mota zata wuce ko da mara lafiya za a fitar. Shi kuma wanda akayi cacar bakin dashi, baffanku ya je har gida tun kafin Sallah ya bashi haƙuri, ya faɗa masa abinda kuka shirya, in samarinku zasu yashe kwatar ma daga ƙofarsa za su fara.