Tangaran, Faɗi-Ka-Mutu da Zanen Aro

Wata mai karatu daga Damagaram ta karanta labarin gidajen tarihi da ke haɗa kai wajen tara kayan hannu na Indiya da kwanukan ƙasashen Musulmi. Tana tambaya: kwanukan nan, tukwane za mu ce musu ko tangaran?

Malama, tangaran ne. Tukunya da tulu da randa da yumɓu ake gina su, a gasa, jikinsu yana tsattsafo da ruwa, shi ya sa ruwan randa ke sanyi. Tangaran kuwa an shafe shi da wani ruwa da wuta ke mayarwa kamar gilashi, ruwa ba ya ratsa shi. Iyayenmu mata suna kiransa faɗi-ka-mutu, saboda da zarar ya suɓuce daga hannu, shi ke nan.

Dubi abin da maginan Basra ta Iraƙi suka yi a ƙarni na 9, zamanin Abbasiyawa. Sukan gasa kwano, su zana masa ado da haɗin azurfa da jan ƙarfe, su sake gasa shi a wuta mai hayaƙi, ya fito yana ƙyalli kamar zinariya. Shuɗin tangaran na birnin Jaipur na Indiya kuma jikinsa garin farin dutse ne da garin gilashi da ƙaro, don haka wanda ya kira shi kayan yumɓu bai yi daidai ba. Kayan garin Bidar na Indiya masu baƙin jiki da adon azurfa ƙira ce, aikin maƙera, kada a haɗa su da waɗannan.

Wani malamin makaranta daga Kumasi ya ce gidan tarihin da ke baje kayan wani gidan, ai shi ake nufi da "zanen aro ba ya rufe katara".

Ban yarda da kai gaba ɗaya ba, malam. Katara ita ce gefen cinya daga sama. Mai zanen aro ba ta sakewa a cikinsa, don ba domin ta aka yanke shi ba, kuma mai shi na iya aikowa a karɓa. Karin maganar tana jan kunnen wanda ya dogara da aro ya ƙi neman nasa. Ba ta hana aro ba.

A 2017, babban gidan tarihin Mumbai ya haɗa kai da British Museum da gidan tarihin ƙasa na Delhi, aka baje kaya sama da 200, na Indiya kusa da na sauran duniya. Indiyawa da zanensu suka zo, aron ƙari ne. Inda maganarka ta fi kamawa shi ne gidan tarihin Dallas ta Amurka, wanda a 2014 ya karɓi tarin kayan fasahar ƙasashen Musulmi da ake kira Keir, mai ɗauke da tangaran masu ƙyallin nan, aro na shekara 15. Gidan da ya yi irin wannan aro, ya kamata kafin wa'adi ya cika ya horar da masu kula da kayan, ya kuma fara sayen nasa.