Mu tara ne a guruf ɗin fim, kowa so yake ya zama darakta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a wata kwaleji a Jigawa, lakcara ya ba mu aikin fim na minti 10, mu tara a guruf, saura sati uku mu miƙa. A ƙauyenmu ta wajen Ringim za mu yi shutin da waya, amma har yanzu ko sin ɗaya ba mu ɗauka ba, mutum uku kowa ya ce shi ne darakta, kuɗin da aka yanka ma rabi ba su biya ba. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Sati uku ya ishe ku wallahi, amma sai in kun zauna yau ɗin nan kun raba aiki a takarda, suna da aiki, kowa ya sa hannu, ku kai wa lakcaran kwafi ɗaya. Ko gayyar noma akwai mai raba kunya, ba kowa ne ke faɗawa gona inda ya ga dama ba. Darakta ɗaya ne, kuma ranar shutin maganarsa ce ta ƙarshe, mai shawara ya kawo tun ana karatun labari. In an kasa daidaitawa a jefa ƙuri'a. Sauran biyun kar su ga kamar an kayar da su, duba rubutun ƙarshen kowane fim na Kannywood za ka ga shiryawa daban, tsara labari daban, ɗaukar hoto, sauti, ci gaban shiri, tace hoto. Ni a ganina furodusa ma ya fi darakta wahala a aikin ɗalibai, shi zai riƙe kuɗi ya rubuta duk abin da ya fita ko na fiya wata ne, shi zai je gun mai unguwa ko dagaci da takardar makaranta, shi zai nemi iznin maigidan da za a shiga gidansa. Kar ku raina wannan, a ƙauye ba a kutsa kai gidan matan aure da kyamara, kuma 'yan matan guruf ɗinku iyayensu su san inda za su, a sallame su kafin magariba.

Sai labarin. Shafi ɗaya na sikirif, wato rubutaccen labarin, kusan minti ɗaya ne a fim, to naku kar ya wuce shafi 10, 'yan wasa uku ko huɗu, wuri biyu ko uku, zaure, tsakar gida, bakin gona. Duk sin ɗin biki ko cin kasuwa ku cire shi, ba ku da kuɗin tara mutane kuma yara za su cika muku hoto suna leƙen kyamara. In labarin ya ƙanƙance kuɗin ma raguwa zai yi, wanda ba shi da na biya ya kawo abinci daga gida ko ya ara babur ko fawa bank, a rubuta masa a matsayin nasa kason.

Abin da ya fi kashe fim ɗin ɗalibai sauti ne, kuma shi ne aikin da kowa yake gudu. Mutane za su jure hoto mai ɗan duhu amma in ba a jin magana an gama. Ku sami waya ta biyu ta zama ta sauti kawai, a ɓoye ta kusa da mai magana, a aljihun gaba ko bayan tulu, kafin kowane ɗauka wani ya tsaya gaban kyamara ya faɗi lambar sin ya tafa hannu sau ɗaya, da wannan tafin edita zai haɗa hoto da murya. Ku je wurin kwana ɗaya kafin shutin ku tsaya shiru ku saurara, yaushe injin niƙa yake tashi, yaushe ake koro awaki, ina mai cajin waya ya ajiye janaretansa. Ranar kasuwa babura ba za su bar ku ba. Da hantsi da bayan la'asar hasken ya fi kyau, rana tsaka inuwa take sa wa a idon mutum, fuska ta yi baƙi. Wayar ɗaukar hoton a kwance za a riƙe ta, ingancin bidiyo na 1080 ya isa, a sa ta a yanayin jirgi kar kira ya yanke ɗauka.

Ku ɗauka wuri-wuri, wato duk sin ɗin zaure a gama shi rana ɗaya ko da na ƙarshen labari ne, a nan mai ci gaban shiri zai yi amfani, ya ɗau hoton kowa da hularsa da mayafinta, kar jarumi ya shiga ɗaki da shuɗiyar riga ya fito da fara.

Kwana uku ku gama shutin, ku bar wa editin aƙalla kwana goma, don CapCut, manhajar tace bidiyo, a waya yana cin caji da memori ga wutar da ba tabbas. Mutum biyu kawai a wajen, edita da darakta, sauran su gani in an yi haɗin farko. Kullum da dare a kwafe abin da aka ɗauka zuwa wuri biyu, kuma kar a tura ta WhatsApp haka kawai don matse bidiyo yake yi ya lalata shi, a yi da kebul ko Xender.

Wanda ya ƙi zuwa kuma kar ku yi rigima da shi, furodusa ya riƙa rubuta sunan waɗanda suka zo kullum, takardar ta bi fim ɗin zuwa hannun lakcara. In kuma daga baya kuna son sakin fim ɗin ga jama'a a Kano, ku fara tuntuɓar Hukumar Tace Fina-finai ta jihar ku ji ƙa'idarsu.